Yayin Matasan Indonesiya: Talaka Ke Ƙirƙira, Wa Ke Cin Riba?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi ya ce a dafa masa biyu da ƙwai, to ya ɗanɗani Indonesiya ko bai sani ba. Sunan Indomie kansa haɗi ne na "Indo", wato Indonesiya, da "mie", wato taliya a harshensu. Alhazanmu ma sun san su a Makka da Madina, domin babu ƙasar da Saudiyya ke ba kujerun hajji kamar ita, kujeru 221,000 a shekara. Amma idan aka cire taliya da hajji, da yawanmu ba mu san komai ba game da ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, balle yadda matasanta ke rayuwa.

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 270 ne a ƙasar, kuma kusan kashi 28 cikin 100 waɗanda aka haifa ne tsakanin 1997 da 2012. Sa'anninmu ke nan. Suna cikin waɗanda suka fi kowa yawa a TikTok, suna sallah, suna neman aiki ba su samu, iyayensu na yi musu faɗa a kan waya. Abin da ya sa na ɗauko su a wannan makon shi ne, cikin shekara uku kacal, daga 2022 zuwa 2025, abin da manya suke kira shirmen yara ya tashi daga rangaji a kan titi ya kai ga girgiza majalisar ƙasa. Kuma a kowane mataki akwai wani na gefe da ya zo ya ɗebi rabonsa.

Mu fara da Citayam. Wani gari ne a wajen Jakarta, can wajen Depok da Bogor, inda masu ƙaramin ƙarfi ke zaune. A tsakiyar 2022, yara 'yan shekara goma sha daga Citayam da Bojonggede da Depok suka shiga hawa jirgin ƙasa mai araha suna sauka a tashar Sudirman, tsakiyar unguwar bankuna da dogayen benaye. Me suke zuwa yi? Zama. Suna da kalma ta musamman, "nongkrong", wadda ma'anarta ba ta wuce abin da muke yi a majalisa ba: a zauna, a yi hira, a kalli masu wucewa. Sai dai su sukan ci kwalliya da kayan gwanjo da na bakin kasuwa, su mai da layin tsallaka titi na Dukuh Atas wurin nuna ado, suna takawa ɗaya bayan ɗaya kamar masu tallan kaya a Faransa. Masu ɗaukar bidiyo suka fara yi musu tambayoyi a kan soyayya da kuɗin kayan da ke jikinsu, amsoshinsu na ba mutane dariya, kafin ka ce kwabo abin ya samu suna: Citayam Fashion Week. Har gajarcen SCBD, wanda sunan unguwar attajirai ne, suka karɓe suka ce yanzu yana nufin Sudirman, Citayam, Bojonggede, Depok.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me zai sa yaro ya yi tafiyar awa guda a jirgi don kawai ya zauna a gefen titi? Amsar a fili take. A unguwarsu babu fili, babu lambun shaƙatawa, babu ko faffaɗan gefen titi. A Jakarta wurin hutawa na nufin babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, inda kuɗin kofi ɗaya zai ci na abincin yini. Dukuh Atas kuwa gwamnatin birnin ta gyara shi ne don ma'aikatan ofis masu sauka daga jirgi, ba ta taɓa tsammanin yaran bayan gari za su ce su ma nasu ne ba. To sai suka ce.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Gwamnan Jakarta na lokacin, Anies Baswedan, ya zo ya taka layin tare da baƙinsa daga Tarayyar Turai. Gwamnan Java ta Yamma na lokacin, Ridwan Kamil, shi ma ya zo ya taka. Manyan masu tallan kaya da taurarin fim suka cika wurin da kyamarorinsu. Sai wani fitaccen ɗan fim kuma mai tashar YouTube, Baim Wong, ya tura kamfaninsa ya nemi a yi masa rijistar sunan Citayam Fashion Week a matsayin mallakinsa. Sunan da yaran da ba su da kuɗin lauya suka haifa! Jama'a suka yi masa ca, wata magana ta zagaya intanet cewa talaka ya ƙirƙira, mai kuɗi ya sace, har ya janye ya nemi afuwa. Amma lokacin ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Cunkoso ya yi yawa, 'yan sanda suka hana takawa a kan layin, wasu jami'ai suka tayar da maganar samari masu shigar mata, cikin makonni kaɗan wurin ya watse. 'Yan siyasa sun tafi da hotunansu, masu tashoshi sun tafi da kuɗin talla, yawancin yaran kuma sun koma Citayam, inda har yanzu matsalar da ta koro su take.

Wannan shi ne salon da za ku yi ta gani yana maimaituwa, don haka ba zan daɗe a kan ƙananan yayi ba. Akwai "anak Jaksel", yaran kudancin Jakarta masu cusa Turanci a kowace jimla, 'yan uwan masu Ingausarmu ke nan, kuma su ma ana yi musu tsiya iri ɗaya. Akwai 'yan "skena", masu bin mawaƙan da ba su yi tashe ba, da faffaɗan wando da baƙar riga da zaman shagon kofi. Akwai masu farautar gwanjo a kasuwar Senen ta Jakarta da Gedebage ta Bandung, duk da cewa doka ta hana shigo da tsofaffin kaya, har Shugaba Joko Widodo ya fito a Maris 2023 ya ce suna kashe masaƙun cikin gida. Akwai "sound horeg" a Java ta Gabas, manyan lasifikoki a kan motocin ɗaukar kaya masu girgiza tagogin gidaje, wanda majalisar malaman lardin ta fitar da fatawa a kansa a Yulin 2025. Sannan wannan yaron mai baƙin tabarau da kuka gani yana rawa a goshin dogon kwalekwale, wanda 'yan ƙwallon Turai suka yi ta kwaikwaya, daga gasar Pacu Jalur yake ta lardin Riau, al'adar da ta haura shekara ɗari kafin intanet ya gano ta.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne yayin "hijrah". A wurinsu kalmar ta koma nufin matashi ya bar rayuwar sharholiya ya kama addini. A Bandung, a 2015, wani malami da ya yi karatu a Azhar, Hanan Attaki, ya kafa ƙungiyar Pemuda Hijrah, wadda aka fi sani da Shift. Ba ya sa rawani ko babbar riga, hular sanyi yake sawa da riga irin ta samari, yana magana a hankali a kan karayar zuciya da tsohuwar budurwa da neman arziƙi. Masu wasan allon taya da 'yan kulob ɗin babura da tsofaffin mawaƙa suka cika masallacin Al-Lathiif. Wasu ƙungiyoyi suka shiga goge wa masu tuba zanen jiki kyauta. A 2018 aka yi bikin Hijrah Fest a Jakarta, da tikitin shiga, da rumfunan sayar da hijabai da turare da gidajen da aka ce babu riba a cinikinsu, taurarin talabijin da suka tuba suna kan dandamali.

A nan sai mutum ya yi adalci. Yaron da ya bar kwalba ya kama sahu ya ci riba, babu mai musun wannan. Kuma malaman sun gane abin da da yawa daga cikin masu wa'azi ba su gane ba, cewa ba a jawo matashi da zagi. Amma akwai abin dubawa. Indonesiya na da Muhammadiyah tun 1912 da Nahdlatul Ulama tun 1926, da dubban makarantun kwana na addini da suke kira "pesantren", inda ɗalibi ke shafe shekaru gaban malami, littafi bayan littafi. Yanzu ga tsara guda da ke ɗaukar addini daga bidiyon minti ɗaya, malamin da ya fi mabiya shi ne ya fi ilimi a idonsu, tuba kuma ta zo da kalar kayan da ake sawa da shagon da ake saye. Idan shiriya ta zama kasuwa, wanda ba shi da kuɗin tikiti a ina zai tsaya? Shi kansa Hanan Attaki, bayan an hana shi wa'azi a wasu garuruwan Java ta Gabas, a 2023 ya je ya yi mubaya'a ga Nahdlatul Ulama. Ko mai miliyoyin mabiya ya ga yana buƙatar inuwar da ta girmi Instagram.

Abin dariya kuma, a daidai lokacin da wata ƙungiya mai suna Indonesia Tanpa Pacaran, wato Indonesiya ba tare da zance ba, ke kiran a daina soyayya a yi aure kawai, auren raguwa yake yi. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta nuna an ɗaura aure sama da miliyan 2 a 2018, amma a 2023 bai kai miliyan 1.6 ba. A 2024 'yan mata suka cika TikTok da bidiyoyin tsoron aure, kowace na lissafa irin mijin da take fargabar faɗawa hannunsa. Wasu za su ce tarbiyya ce ta lalace. Ni dai na fi zargin aljihu: a 2023 hukumar ta ce matasa kusan miliyan 9.9 'yan shekara 15 zuwa 24 ba sa makaranta, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a. Da me za a kama haya?

Inda aljihu ya bushe kuma, nan mugun ɗan kasuwa ke kafa rumfa. Kalmomi biyu ne kowane matashin Indonesiya ya sani: "pinjol", bashin manhaja, da "judol", cacar intanet. Na farkon mun san shi sarai. Ka ɗora katin shaidarka, kuɗi su shigo cikin minti biyar, idan ka makara a bi lambobin wayarka ɗaya bayan ɗaya ana tozarta ka. Abin ya yi muni har Shugaba Widodo ya ba da umarnin a murƙushe na bogi a Oktoban 2021, 'yan sanda suka yi ta kai samame ofisoshinsu. Duk da haka a farkon 2024 ɗaliban babbar jami'ar fasaha ta Bandung sun yi zanga-zanga saboda an nuna wa waɗanda suka kasa biyan kuɗin makaranta hanyar cin bashin manhaja mai ruwa. Caca kuwa haramun ce a dokar ƙasar, amma hukumar da ke bin diddigin hada-hadar kuɗi ta ce a 2023 kaɗai rupiya tiriliyan 327 suka zagaya a cacar intanet. A ƙarshen 2024 'yan sanda suka kama wasu ma'aikatan ma'aikatar sadarwa, waɗanda aikinsu shi ne toshe shafukan caca, bisa zargin karɓar kuɗi suna kare su. An ba kura ajiyar nama. Kuma masu tallata waɗannan shafuka ba baƙi ba ne, su ne dai masu tashen da matasa ke bi suna dariya da bidiyoyinsu.

Siyasa ma ta koyi darasin. A zaɓen 14 ga Fabrairun 2024, fiye da rabin masu rijista matasa ne. Prabowo Subianto, tsohon janar kuma tsohon surukin Suharto, wanda aka sallama daga soja a 1998 bisa zargin sace 'yan fafutuka, ya sha kaye sau biyu a baya yana ɗaga murya yana dukan tebur. A karo na uku sai aka sake masa kama. Ya koma "gemoy", kaka mai kumatu mai ban sha'awa, yana 'yar rawa a kan dandamali, ana zana shi kamar ɗan tsana, ana nuna kyanwarsa. Mataimakinsa, Gibran, ɗan shugaba mai ci a lokacin ne, yana ɗan shekara 36, wanda sai da kotun tsarin mulki ta sassauta sharaɗin shekaru kafin ya iya tsayawa, kuma shugaban kotun a lokacin mijin gwaggonsa ne. Suka ci da sama da kashi 58 tun a zagayen farko. Yawancin masu dannawa suna turawa ba a haife su ba a 1998. A aji ana koya mana cewa saƙo na cin nasara ne idan ya yi magana da harshen mai sauraro. Ba a cika gaya mana cewa hanyar da ake shigar da saƙo ita ce dai ake bi a goge tarihi ba.

Sai dai wanda ya koya wa yaro rawa bai isa ya zaɓa masa kiɗa ba har abada. A Fabrairun 2025, bayan gwamnati ta zaftare sama da rupiya tiriliyan 300 daga kasafin ma'aikatu, ɗalibai suka fito da taken Indonesia Gelap, Indonesiya ta yi duhu. A intanet kuma maudu'in #KaburAjaDulu ya kama wuta, ma'ana "mu dai fara gudu tukuna", japa ɗinsu ke nan, ana musayar bayanai kan aiki a Japan da Ostireliya da Jamus. Ƙaramin ministan ƙwadago, Immanuel Ebenezer, ya ce masu son tafiya su tafi, in da hali kada ma su dawo. Watanni shida bayan haka hukumar yaƙi da cin hanci ta kama shi.

Da bikin cika shekara 80 da samun 'yanci ya matso, 17 ga Agusta, shugaban ƙasa ya nemi kowa ya kafa tutar ƙasa mai ja da fari. Direbobin manyan motoci da matasa suka shiga kafa wata baƙar tuta mai ƙoƙon kai sanye da malafa, tutar 'yan fashin teku ta zanen Japan ɗin nan, One Piece, labarin wasu abokai da ke yaƙar gwamnatin zalunci. Wani mataimakin kakakin majalisa ya ce yunƙurin raba kan ƙasa ne, a wasu wurare jami'ai suka bi suna saukewa. Kun ga inda dabarar take? Idan ka kama mutum saboda tutar katun ka zama abin dariya, idan ka ƙyale shi kuma kowa ya san abin da yake nufi. Shekarun da iyaye suka yi suna cewa kallon katun ɓata lokaci ne, ashe yaran harshe suke tarawa wanda hukuma ba ta iya ba. Daga baya an ga tutar a Nepal da Filifin da Madagaska.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne labarin cewa kowane ɗan majalisar wakilai na karɓar rupiya miliyan 50 a wata kuɗin haya kawai, kusan ninki goma na mafi ƙarancin albashi a Jakarta. Ga bidiyon wasunsu suna rawa a zauren majalisa, ga wani ɗan majalisa, Ahmad Sahroni, yana kiran masu cewa a rushe majalisar wawaye. A daren 28 ga Agusta motar sulke ta 'yan sandan kwantar da tarzoma ta take Affan Kurniawan, ɗan shekara 21, ɗan acaɓan manhaja, kuma wayoyi sun ɗauka. Washegari dubban 'yan acaɓa masu koren riga suka raka gawarsa. Garuruwa suka kama da wuta, aka ƙona ginin majalisar birnin Makassar da mutane a ciki, aka wawashe gidan Sahroni da na ministar kuɗi ta lokacin, Sri Mulyani, aƙalla mutum 10 suka rasu. Babu wanda zai yaba ƙona gini da ma'aikata a ciki, kuma waɗanda suka mutu a Makassar ba su ne suka sa hannu a kuɗin hayar ba. Amma a cikin wannan hargitsi matasa sun yi wani abu na hankali: suka tattara koke-kokensu suka mai da su buƙatu 17 na gaggawa da 8 na shekara guda, 17+8, daidai da ranar 'yancin ƙasar, kowace da wa'adinta da wanda ake nema ya cika ta. Suka sauya hotunansu zuwa kore don tunawa da Affan, da ruwan hoda saboda wata uwa mai hijabi ruwan hoda da ta tsaya gaban jerin 'yan sanda riƙe da tuta. Ranar 31 ga Agusta Prabowo ya sanar da soke wasu alawus na 'yan majalisa da dakatar da tafiye-tafiyensu zuwa waje, jam'iyyu suka dakatar da Sahroni da wasu huɗu.

To a nan ne nake ganin masu cewa matasan soshiyal midiya ba su da alƙibla sun yi kuskure, haka ma masu ganin waya kaɗai ta isa. Yaran Citayam sun nuna birnin ba shi da wurin talaka, amma ba su da ƙungiya ko takardar buƙata, sai aka cinye su aka watsar. Na 2025 sun zo da lissafi da wa'adi, sun samu wani abu, ko da yake manyan buƙatun, irin su gyaran 'yan sanda da dokar ƙwace dukiyar ɓarayin gwamnati, ba a biya su a wancan makon ba, kuma an tsare ɗaruruwa, har da 'yan fafutukar da aka tuhuma da tunzura jama'a ta hanyar abin da suka wallafa.

Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata mu da muka ga an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mu lura da shi. Ranar 30 ga Agusta, ana tsakiyar zanga-zangar, TikTok ya dakatar da shirin kai tsaye a duk faɗin Indonesiya, ya ce don kare lafiyar jama'a ne. Wannan kamfani ne da gwamnatin ƙasar ta rufe wa sashen ciniki a Oktoban 2023, bai dawo ba sai da ya zuba dala biliyan 1.5 ya sayi kaso mafi tsoka na kasuwar intanet ta Tokopedia, wato yana da abin da zai yi asara idan ya ɓata da hukuma. Da aka kashe maɓallin, masu nuna abin da ke faruwa a titi suka yi shiru, haka ma dubban 'yan mata da samarin da ke sayar da hijabai da takalma da man shafawa kai tsaye daga ɗakunansu, waɗanda ko ƙofar majalisar ba su je ba. Sai ranar 2 ga Satumba aka kunna musu.